Earl Palmer: ƙafarsa ce ta koya masa ganga, ko makaranta?

Auwalu Mai Situdiyo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare aka ɗauke mana wuta muna tsakiyar aiki, inji kuma babu mai, sai na zauna da waya ina bin tsoffin waƙoƙin Amurka na shekarun 1950. Na ji ta Fats Domino, na ji ta Lloyd Price, na ji ta Little Richard. Mawaƙa daban-daban, amma kunnena ya ce mini hannu ɗaya ne a kan gangar. Da na bincika, ashe haka ne, wani ne wai shi Earl Palmer. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce ba makaɗi ba ne tun asali, ɗan rawa ne. Kawu Ilu, kai ne rumbunmu a nan, don Allah a warware mana.

Kawu Ilu:
Wa alaikumus salam Auwalu. Kunnenka bai yaudare ka ba, kuma na ji daɗi da yaro mai haɗa kiɗa da kwamfuta ya iya gane hannun mutum. Shekarun da na yi a gidan rediyo ina ɗora wa mutane faya-fayan nan, ban taɓa ganin sunansa a jikin ko ɗaya ba. Sai da na yi ritaya na san shi.

An haife shi ranar 25 ga Oktoba, 1924, a New Orleans, jihar Luwiziyana, ya tashi a unguwar Tremé, tsohuwar unguwar baƙar fata. Mahaifiyarsa 'yar wasan dandali ce, ita da 'yar'uwarta. Yana da shekara biyar ya fara rawar takalmi, wadda ake maƙala ƙarfe a dunduniya da goshin takalmi, mai rawa yana ƙwanƙwasa daɓe yana fitar da sauti. Da haka ya shiga ayarin uwarsa suna yawo gari-gari. Sun bi tawagar Ida Cox, babbar mawaƙiyar buluz ta wancan zamani, mai wasan da ake kira Darktown Scandals. Ka ga ke nan buluz ba a faifai ya fara jin sa ba. Kullum dare yana bayan labule yana jin matar tana rerawa, yana jiran a kira shi ya fito ya taka.

Abin da nake so ka riƙe: mai irin wannan rawa makaɗi ne, ƙafa ce sandarsa, daɓe ne fatar gangarsa. Yaron da ya shekara goma yana haka ya riga ya san tsawon baiti, ya san inda waƙa za ta juya, ya san inda zai bar gurbi. Da ya zauna a gaban ganguna, abin da ke ƙafa ne kawai ya hau hannu.

Gaskiya Ɗaci:
Kawu wane Bulus kuma? Na ɗauka maganar makaɗi ake, sai ga Bulus ya shigo.

Kawu Ilu:
Buluz na ce, ɗan nema. Waƙar baƙaƙen kudancin Amurka, mai baiti uku-uku, ta kukan zuci da talauci da soyayyar da ta watse. Ka sa tabarau.

Malama Binta:
Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shekara biyar ɗin nan ce. Yaron da ya kamata a ce yana aji ɗaya ana yawo da shi a mota da jirgin ƙasa yana rawa wa manya cikin dare. Mu daina yi wa abin ado, Kawu. Talla ce aka ɗora masa, tallar ƙafa.

Kawu Ilu:
Ban musa ba Malama. Amma ki dubi lokacin. Yana cika biyar a 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Mace baƙa a kudu a shekarun 1930, zaɓinta wanki da guga a gidan Turawa ko gona. Ita tana da sana'ar dandali, ɗanta kuma yana da baiwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba na ce daidai ba ne, na ce haka rayuwa ta zo musu.

Malama Binta:
Na ji. Amma mu ma nan haka ake cewa kullum, "haka rayuwa ta zo". Ku ci gaba, ina saurare.

Saje Garba:
Ranka ya daɗe Kawu, ka san ina girmama ka, amma yau sai mun ja. Shekara ashirin da shida na yi a ƙungiyar badujala, ƙaramar ganga ce a wuyana har na ajiye kaki. Wannan magana ta cewa ƙafa ce ta yi shi, daɗin baki ne na masu ba da labari. 'Yan rawar takalmi nawa ne a Amurka a lokacin? Dubbai. Nawa ne suka zama Earl Palmer? Ɗaya.

Abin da ya raba shi da su takarda ce. An ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai shi Turai. Sojan Amurka a lokacin a rarrabe yake, baƙi daban farare daban, sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar haɗe su. Yawancin baƙaƙe ba a ba su fagen daga, sai dako da tuƙi da lodi. Shi ma a rukunin masu jigilar harsasai ya yi. To da aka gama yaƙi, akwai dokar da gwamnati ta yi a 1944 ta biya wa tsoffin sojoji kuɗin karatu. Da ita ya shiga makarantar kiɗa ta Grunewald a nan New Orleans, ya koyi fiyano, ya koyi ganguna a ƙa'ide, ya koyi karanta kiɗa a rubuce. Nan ne aka yi makaɗin. Kafin nan yaro ne mai kunne, kuma masu kunne sun cika kasuwa.

Auwalu Mai Situdiyo:
Yallaɓai Saje, wai da gaske akwai bambanci sosai? Ni ban iya karanta ko ɗigo ɗaya ba, kuma ina cin abinci da kiɗa.

Saje Garba:
Kana ci, Allah ya ƙara buɗi. Amma kai kaɗai ne a ɗakinka, in ka yi kuskure ka goge ka sake sau ɗari. A sa ka cikin mutum talatin, a ajiye maka takarda a gaba, a ce agogo na tafiya kuma kowane minti kuɗi ne, sannan za ka gane.

Baban Sadik:
Salamu alaikum daga Houston. Bari in sa baki tunda na taka unguwar da ƙafata. Mun je New Orleans da iyali shekarun baya, tafiyar awa biyar da wani abu a mota. Saje, akwai abu na uku da kai da Kawu ba ku ambata ba, shi ne garin kansa.

A Tremé kiɗa ba sai ka je nemansa ba, shi yake biyo ka har ƙofar gida. Suna da ƙungiyoyin taimakon kai da kai tun zamanin da kamfanonin inshora ba sa karɓar baƙar fata, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu, in mutum ya mutu ƙungiya ta yi masa sutura ta ɗauko 'yan badujala. In za a tafi maƙabarta kiɗan a hankali yake, mai nauyi. In an binne an juyo sai ya sauya ya zama na rawa. Iyalan mamaci da makaɗa su ne sahun farko, jama'ar gari da ke biye suna rawa da laima da hankici su ne sahu na biyu. Har yau ana wannan zagaye ranakun Lahadi ko babu mutuwa. Na tsaya a bakin titi na gani. Mai babbar ganga ba ya buga ta daidai-daidai irin ta fareti, yana ɗan jinkirta wani bugun yana gaggauta wani, sai ka ji kafaɗarka na motsi ba da izininka ba. Duk wanda ya saurari ƙafar Palmer a kan babbar ganga zai ji wannan abin.

Hajiya Mai Atamfa:
Innalillahi. Kiɗa a jana'iza? Allah ya raba mu.

Baban Sadik:
Al'adarsu ce Hajiya, ba yabo nake ba, bayani nake. Ni ma da na fara gani sai da jikina ya yi sanyi.

Wani abin kuma: situdiyon da aka ɗauki waɗannan waƙoƙi, J&M na Cosimo Matassa, yana kan titin North Rampart, 'yan taku kaɗan daga Dandalin Congo, inda bayi suke taruwa ranar Lahadi suna kiɗa da rawa tun kafin a 'yanta su. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan shago. Lokacin da na je wurin ya koma gidan wanki, injuna na juya kayan mutane, sai allo a bango da ke faɗin tarihinsa. Matata ta ce wai saboda wannan ka sa muka yi ta zagaye cikin zafi?

Isuhu Maraɗi:
To ai ga ta nan, Baban Sadik ya faɗi da bakinsa. Kiɗan ga namu ne aka kwashe. Bayin farko da Faransawa suka kai Luwiziyana galibinsu daga yankin Senegal da Gambiya aka ɗebo su, mutanen Sahel irinmu. Wanda duk ya ji buluz ya ji goge da gurmi ya san dangi ne.

Kawu Ilu:
Sannu Isuhu, amma a bi a hankali. Akwai wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, da ya fitar da littafi a 1999 yana cewa salon rera buluz na karkara da yadda ake jan murya sun yi kama da na yankinmu na savana, inda ake da kayan kiɗa masu tsirkiya. Wannan maganar murya ce da tsirkiya. Gangar New Orleans hanyarta daban. Akwai mutanen Kongo da yawa a ciki, akwai kusan mutum dubu goma da suka kwararo garin a 1809 daga Kuba, 'yan gudun hijirar juyin juya halin Haiti, sannan akwai badujalar sojan Turawa. Duk suka haɗu a tukunya ɗaya. A wasu jihohin ma an hana bayi ganga gaba ɗaya, kamar South Carolina da ta yi doka a 1740 bayan tawayen Stono. New Orleans ce ta bari. In muka ce kalangu ne ya tsallaka teku ya zama gangar Palmer, mun yi wa tarihi ƙarya mun yi wa kalangu ƙarya.

Isuhu Maraɗi:
Ban ce kalangu ba Kawu. Na ce jini.

Saje Garba:
Jini ba ya karanta takarda.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a koma kan Palmer. Muhawarar asalin buluz mun yi ta a watan jiya har mutum biyu suka fita daga zaure.

Auwalu Mai Situdiyo:
Yawwa. Kawu, ni abin da nake so in fahimta a matsayina na mai haɗa kiɗa: me ya yi takamaimai da ake cewa ya canza komai? Don ni da na saurara, bugun da nake ji shi ne wanda kowa ke yi yau.

Kawu Ilu:
Ai amsar ke nan a bakinka. Kowa na yin sa yau, a lokacin ba haka ba.

Bayan makaranta, wajen 1947, ya shiga ƙungiyar Dave Bartholomew, mai busa ƙaho, mutum mai tsanani a kan aiki, wanda ya rayu har shekara ɗari, sai 2019 ya rasu. Bartholomew ne kamfanin Imperial ya ɗora wa nemo mawaƙa a New Orleans, shi ya kawo Fats Domino. A watan Disamba 1949 suka shiga ɗan ɗakin nan da Baban Sadik ya gani suka ɗauki The Fat Man. Tsohuwar waƙar buluz ce ta 'yan ƙwaya da aka sauya wa kalmomi.

Yanzu ƙirga da ni: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kiɗan fareti nauyinsa yana kan ɗaya da uku, Saje shaida ne. Makaɗan jaz na zamanin kuwa sun mayar da lissafin kan farantin tagulla, ƙaramar ganga sai ɗan tsokaci nan da can. Amma tsoffin makaɗan New Orleans suna da wata al'ada: in waƙa ta zo zagayen ƙarshe, ana so a tashi jama'a, sai mai ganga ya riƙa sauke sanda da ƙarfi a kan biyu da huɗu. Na ƙarshe kawai, kamar yaji a kan tuwo. Palmer ya ɗauko wannan ya shimfiɗa shi tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Shi da kansa ya ce daga can ya samo. Faifan ya kai na biyu a jerin waƙoƙin baƙar fata da aka fi saye, kuma daga nan kamfanoni suka fara zuwa New Orleans ɗaukar mawaƙa don a sa musu wannan hannun. Lloyd Price a 1952, Professor Longhair a 1953, Smiley Lewis a 1955. Mutanen ɗakin kusan kullum su ne su: Lee Allen da Alvin Tyler a saksofon, Frank Fields a babbar garaya ta tsaye, Palmer a ganguna.

Ka tuna kuma a farkon lamarin kai tsaye ake yanka sautin a jikin faifai, kowa na ɗaki ɗaya, makirfo 'yan ƙalilan. Mutum ɗaya ya kauce, an yi asarar faifai, a sake daga farko. Mai ganga dole ya san yadda zai buga da ƙarfi ba tare da ya danne muryar mawaƙi ba, don babu wani maɓalli da za a rage shi daga baya.

Gaskiya Ɗaci:
Yanzu kuma bari in faɗi abin da ya sa ake kirana da sunana. Wannan labarin "shi ya ƙirƙiro" ban yarda da shi ba. Tafi a kan biyu da huɗu ana yin sa a cocin baƙaƙen Amurka tun kafin a haifi uwarsa. A 1948 Wynonie Harris ya fitar da faifai mai tafi a kan biyu da huɗu daga farko har ƙarshe, shekara guda da wani abu kafin na Fats Domino. Kowace al'umma tana son ta sami mutum ɗaya ta rataya masa abin da jama'a suka yi tare, don labari ya yi daɗin faɗa.

Kawu Ilu:
Yau ka yi magana mai kai. Ban ce ya ƙirƙiro ba, duba sama, na ce ya ɗauko ya shimfiɗa. Wanda ya haƙa rijiya daban, wanda ya ja bututu ya kai ruwan gida-gida daban.

Gaskiya Ɗaci:
To na biyun fa? Ana cewa shi ya miƙar da kiɗan ya zama rok, salon da ake kira rock and roll. Charles Connor fa, makaɗin da ke yawo da Little Richard a ƙungiyarsa ta Upsetters? Shi ma ɗan New Orleans ne, shi ma ya yi iƙirarin wannan bugun, ya ce ƙarar jirgin ƙasa aka ce ya kwaikwaya.

Auwalu Mai Situdiyo:
Ku dakata, kun bar ni a baya. Mene ne "miƙarwa"?

Saje Garba:
Bari in ba ka a sauƙaƙe. Jaz da buluz tafiyarsu ta ɗingishi ce: dogo, gajere, dogo, gajere, kamar sukuwar doki. Tan-ta, tan-ta. Rok kuwa tsakanin bugu da bugu daidai yake: ta-ta-ta-ta-ta-ta-ta-ta, takwas cif. Buɗe kwamfutarka, akwai wurin da kake ƙara wa kiɗa lilo ko ka rage. In ka mayar da shi sifili, ka miƙar.

Kawu Ilu:
Madalla da Saje. A watan Satumba 1955 kamfanin Specialty ya kawo Little Richard ɗakin, Bumps Blackwell na jagorantar aikin. Richard yana dukan fiyano da hannun dama a miƙe, takwas cif ɗin nan, kamar mai daka. Su kuma makaɗan ɗakin 'yan jaz ne, ɗingishi suka saba. Saurari Tutti Frutti da kyau, za ka ji fiyano na tafiya a miƙe, ganga na ɗingishi a ƙarƙashinta, abu biyu na gogayya. Palmer da bakinsa ya amsa daga baya cewa da ya sake saurare ya ga a miƙe ya kamata ya buga. Kafin a kai ga Lucille ya riga ya bi hannun Richard. Sa su ɗaya bayan ɗaya ka ji.

Batun Connor kuwa, ban ga abin faɗa ba. Dukansu biyu mutum ɗaya suke bi, mai fiyanon. Ɗaya a kan hanya, ɗaya a situdiyo. Kuma nan ne nake komawa kan maganata da Saje: wa ya fi ɗan rawa sanin bin jikin wani? Ba takarda aka ba shi ta ce ya miƙar ba. Kallon hannun mutumin ya yi.

Saje Garba:
Na ba ka wannan, Kawu. Amma jira mu isa Kalifoniya.

Malama Binta:
Kafin ku isa, nawa ake biyansa? Waƙoƙin nan an sayar da miliyoyi.

Kawu Ilu:
Farashin ƙungiyar makaɗa: dala 41.25 a zaman awa uku, ana ƙoƙarin fitar da waƙa huɗu. Shi ke nan. Ko faifai ya sayu miliyan ko ya kwanta a shago, nasa bai ƙaru ba. Sunansa ma babu a jiki.

Malama Binta:
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Isuhu Maraɗi:
Haka abin yake ko'ina. A zauren ga duk muna son Shata. Wa zai lissafo mini sunayen masu kalangunsa ba tare da ya je tambaya ba?

Hajiya Mai Atamfa:
Wallahi Isuhu ka kama mu.

Gaskiya Ɗaci:
Ku daina jin tausayinsa da yawa. Dala arba'in da ɗaya a awa uku a farkon shekarun 1950 kuɗi ne, ma'aikata da yawa sai sun yi kusan mako kafin su ga haka. Kuma mawaƙan da sunansu ke jikin faifan su ma kamfanoni sun tatse su, Little Richard ya sha kuka a kan haka. Ni abin da nake ganin ya yi asara ba kuɗi ba ne. Mutumin nan ɗan jaz ne a zuciyarsa. Sabon salon bibop na su Charlie Parker da Max Roach shi yake so. In an tashi daga aiki, su da abokansa sai su tafi irin su Dew Drop Inn a titin LaSalle su yi ta bugun abin da ransu ke so har asuba. Waƙoƙin da muke yabo yau, su a wurinsu aikin neman tuwo ne. Ya sayar da abin da yake so ya sayi abin da ake so.

Baban Sadik:
Haba malam. Mai iyali ne fa. Jaz ɗin bibop a New Orleans ta 1950 wa zai ciyar?

Gaskiya Ɗaci:
Ed Blackwell ɗan garin ne shi ma, ya riƙe jaz, ya je ya yi suna tare da Ornette Coleman.

Baban Sadik:
Ya yi suna, ya kuma sha wahala. Kowa da abin da ya zaɓa. Ni ban isa in ce wa mutum ya bar 'ya'yansa da yunwa don ni in ji daɗin saurare bayan shekara saba'in ba.

Saje Garba:
To mun iso inda nake jira. 1957 ya tattara ya koma Los Angeles, kamfanin Aladdin ya ba shi aiki. Can ba ɗan ɗakin bayan shago ba ne. Can akwai kamfanonin fim da talabijin, akwai zaman da za ka tarar da masu goge ashirin a jere, madugu ya ɗaga sanda, kowa idonsa a takarda. Makaɗa nawa ne daga kudu masu zafin hannu suka je suka dawo? Shi ya zauna daram, saboda Grunewald. A shekarar da ya isa ya buga wa Sam Cooke, a 1958 ya buga wa Ritchie Valens La Bamba, daga baya Frank Sinatra, Ray Charles, su Phil Spector. Kiɗan buɗe shirin talabijin na Mission: Impossible, wanda kowa ya san shi ko a fim, ƙirgarsa biyar-biyar ce ba huɗu-huɗu ba. Kawu, a gaya mini wace rawar titi ce za ta koya wa mutum wannan a zama ɗaya.

Kawu Ilu:
Babu. Amma masu karanta takarda ma sun cika Los Angeles kafin ya zo, Turawa da suka yi manyan makarantu. Me ya sa aka bar su ana kiran baƙo daga Luwiziyana?

Saje Garba:
Saboda ya iya duka biyun.

Kawu Ilu:
To ai ka ga ka matso.

Saje Garba:
Ban matso ba, kai ne ka matso.

Malama Binta:
Ku biyun nan sai Allah. Ni tambayata, me ya fitar da shi daga garinsu alhali shi ne kan gaba a can? Kuɗi kawai?

Baban Sadik:
Kuɗi na ciki, wariya na ciki. A New Orleans har ƙungiyar makaɗa biyu ce, ta farare da ta baƙaƙe, alhali a Los Angeles an haɗe su tun 1953. 'Yan sanda kan kai samame Dew Drop ɗin nan don kawai an ga fari da baƙi zaune wuri ɗaya. Sannan ga babban dalili: ya kamu da son wata Baturiya, kuma dokar Luwiziyana ta haramta aure tsakanin fari da baƙi. Sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe irin waɗannan dokoki. A Kalifoniya kuwa an halatta tun 1948. 

Malama Binta:
Uwargidan da ya bari da 'ya'ya a New Orleans fa? Ita ba ta cikin tarihin?

Baban Sadik:
Tana ciki Malama, ba a dai cika faɗa ba. Aure huɗu ya yi a rayuwarsa, 'ya'ya bakwai.

Hajiya Mai Atamfa:
Maza dai ko'ina halinsu ɗaya, ko da ganga ko ba ganga.

Gaskiya Ɗaci:
Hajiya a yi mana afuwa. Amma ku lura da ƙarshensa, ya gaskata ni. Da injin kiɗa irin na su Auwalu ya fara cinye aikin makaɗa a shekarun 1980, ya koma jami'i a ƙungiyar makaɗa ta Los Angeles. Da ya tsufa kuma me ya koma bugawa? Jaz, shi da mutum biyu a ƙaramin kulob. Abin da ke ransa ke nan tun farko. A 2000 aka shigar da shi zauren karramawa na rok, cikin rukunin farko na makaɗan bayan fage, shi da su Hal Blaine da James Jamerson. Ya rasu ranar 19 ga Satumba, 2008, yana da shekara 83.

Auwalu Mai Situdiyo:
Wato ni ne na kashe masa kasuwa ke nan. To ku ji abin da ya faru. Tun ɗazu da kuke ja-in-ja wuta ta dawo, na buɗe kwamfuta na jera bugun Lucille daidai yadda Saje ya ce, takwas cif, ƙaramar ganga a biyu da huɗu. Na sa nasa na sa nawa. Lissafi ɗaya ne, amma nawa kamar agogon bango, nasa kamar mutum na tunkuɗa ka daga baya. Na ƙara lilo, ya lalace. Na rage, ya mutu. Me nake rasawa?

Kawu Ilu:
Ƙafa.

Saje Garba:
Kar ka saurare shi. Sandarsa tana sauka gaba kaɗan ko baya kaɗan da inda injinka ke ajiye ta, kuma ƙarfin bugun ba ɗaya ba ne, na biyu daban na huɗu daban. Ana koyon wannan, ba aljanu ba ne. Ka zo gidana ranar Asabar bayan la'asar, ina da sanduna biyu da tsohon faifan roba na atisaye. Wata uku ba za ka taɓa ganga ba sai shi.

Auwalu Mai Situdiyo:
Wata uku Yallaɓai?

Saje Garba:
Mu wata shida muka yi. Ka taho da goro.

Kawu Ilu:
Ka taho da takalmi mai tauri kuma, ni ma zan zo.